Ranar da Baba Ya Ɗora Motarmu a Sikelin Auduga

Goggonku Hadiza ta daɗe tana ba ku labarin nan a karkace, ni kuma ina ji ina yin shiru, domin ko da na girme ta a shekaru ta girme ni a baki. Abin da take faɗa shi ne wai kakanku ya kunyata ni a gaban abokaina, ya fitar da ni daga motar da na haɗa da hannuna, ya hana ni zama direban tsere. Hadiza ba ta je wurin ba. A tsakar gida ta tsinci maganar, ta ƙara mata gishiri, shekara da shekaru tana ƙarawa har miyar ta fi ƙarfin sha. To yau zan faɗa muku yadda aka yi, don kada ku tashi da riƙon mutumin da ya fi ni, ya fi goggonku, ya fi duk wanda na taɓa sani iya tsayawa a kan gaskiya.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in ne, ba a daɗe da mayar da Gusau babban birnin jiha ba. Ina makarantar koyon fasaha a can, sashen gyaran mota. Muna da wani malami, Malam Isiyaku, gajere mai sanƙo, wanda ba ya yarda ɗalibi ya ce ya iya abu sai ya ga baƙin mai a farcensa. Shi ya roƙo mana wata matacciyar mota ƙarama mai ƙofa biyu da kaji suka mayar akurki a bayan gidan wani Alhaji. Mu shida muka taru a kanta. Muka cire kujerun baya, muka cire gilasai da duk wani tarkacen da ba ya taimaka wa gudu, muka yi mata waldar bututu a ciki don ko ta kife kada rufin ya danne mutum. Wata biyar muna fama da injin kafin ya yi tari ya tashi. Ranar da ya tashi har rawa na yi, ni da nake ganin na fi ƙarfin rawa. Muka sa mata suna 'Yar Shila.

Ni ne shugaban ƙungiyar, ni ne kuma direba, ba wanda ya yi mini gardama domin ni na fi kowa wahala a kanta. Sai dai ku da kuka san ni da tumbi kada ku ɗauka tsufa ne ya kawo shi. Haka Allah ya yi ni tun ina saurayi, ƙato, har abokai suna kirana Rumbu. Babban abokina a ƙungiyar kuwa Bello ne, wani siriri da muke kira Tsinke, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa.

Maganar tsere ta taso ne daga cacar baki tsakanin Malam Isiyaku da wani tsohon bakanike na Tsafe mai suna Mamman. Mamman ya ce 'yan makaranta takarda kawai suka iya. Malam ya ce a fito fili. Da yaran tashar Gusau suka ji, su ma suka ce suna ciki da tasu motar. Aka sa rana a cikin bazara, aka zaɓi wani fili a bayan Tsafe inda masu aikin hanya suka taɓa ɗiban burji suka bar shi a shimfiɗe. Aka jera tsofaffin tayoyi aka fitar da hanya, zagaye goma za a yi, kuma kusan kowace kwana hannun dama take karyawa. Mafi muninsu ita ce wadda take kewaye wata tsamiya, muna ce mata kwanar tsamiya.

A nan 'Yar Shila ta fara nuna mini hali. A miƙe lafiya lau take tafiya, amma da na shiga kwanar tsamiya sai ta ɗaga ƙafarta ta baya ta dama sama, ta zame hagu ta kwashi tayoyin gefen hanya. Lokacin ana wahalar mai, galan guda sai mun yi kwana biyu a layi, saboda haka kowane zagaye na gwaji yana da daraja, ni kuwa ina ta ɓarar da su. Na zargi tayoyi, muka canza. Na zargi sifirin, muka canza. Na zargi filin, na zargi Mamman da ya zana hanyar, saura kaɗan in zargi tsamiyar. Malam Isiyaku ya ce sai mun san nauyin da yake kan kowace taya tukuna. A littafinsa akwai hoton mota a kan sikeli huɗu, mu kuwa ko ɗaya ba mu da shi.

Bello ne ya ɓaro aikin.

"Ai baban Rumbu na da sikeli, Malam. Shi aka kai ma auduga a Bungudu."

Da harara tana kisa da ranar an yi jana'izar Tsinke. Ba na son Baba ya shigo maganar ta wannan ƙofa, kuma dole in faɗa muku dalili. Kakanku, Malam Umaru Mai Sikeli, shi ne mai awo a fulotin auduga na garinmu. Manoma sukan baro fuloti biyu a hanya su zo nasa, saboda an san ba ya sa ƙafa. Sa ƙafa shi ne mai awo ya tokare gindin sikeli da babban yatsansa a ɓoye don buhu ya yi sauƙi a cuci manomi. Baba in zai yi awo sai ya tattare rigarsa, ya ja da baya, kowa yana ganin ƙafafunsa biyu a ƙasa, kuma sau biyu yake auna kowane buhu. Ni kuma ɗansa ne na fari. Kun san al'adar mutanen da, ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yabonsa, ba a ma cika kallonsa ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana son ruwa sai ya ce wa Hadiza, "Ce ma wancan shi kawo ruwa," ga ni kuwa a gabansa. Na san kunya ce ba ƙiyayya ba, amma sanin bai taɓa hana ni jin ciwon ba. Duk wahalar da na sha a kan 'Yar Shila, abin da nake so a ƙasan raina guda ɗaya ne, ranar tsere Baba ya tsaya a cikin jama'a ya ga ɗansa a bayan sitiyari, ana ihu ana kiran sunan da shi ba ya iya kira.

Malam Isiyaku bai nemi shawarata ba. Ya hau babur ya tafi Bungudu da kansa. Kakar auduga ta wuce, sikelin yana ajiye, Baba ya amince. Ranar wata Asabar da hantsi sai ga akori-kura ta shigo harabar makaranta, Baba a gaba da farar rigarsa da lema, sikelin a baya an lulluɓe shi da buhu kamar jariri.

Abin da na gani a ranar har yau ban ga injiniyan da ya fi Baba tsaftar aiki ba, kuma na ga injiniyoyi. Mu mun ɗauka za a ɗaga taya da jak a tura sikeli a ƙarƙashi, shi ke nan. Baba ya zagaya motar sau ɗaya ya girgiza kai.

"In kunka ɗaga ƙahwa guda ta hi sauran tsawo, nauyi gudu shikai shi koma ma 'yan uwanta. Ku kawo mani hauya da kwanon ruwa."

Ya sa muka share wuri. Ya riƙa ɗora kwanon ruwa a kan wani dogon katako yana duban bakin ruwan, yana cewa a kankare nan, a cike can, har ƙasar ta kwanta daidai. Sannan ya sa muka haƙa rami muka nutsa sikelin a ciki, fuskarsa ta yi daidai da ƙasa. Muka riƙa turo motar muna juya ta, taya ɗaya bayan ɗaya tana hawa. Shi kuma ya tattare riga, ya ja da baya, yana tura dutsen awo da ɗan yatsa har hannun sikelin ya tsaya cak, ya rubuta da ajami a bayan takardar buhun siminti. Mutumin nan bai taɓa tuƙa ko keke ba. Da aka gama ya ce motar ba ta da laifi sosai, hagu ta ɗan fi dama nauyi kaɗan saboda sitiyari da batir duk a can suke.

"To amma jaki ba a auna shi ba kaya," in ji shi. "Malam, mai tuƙin shi shiga."

Na shiga. Aka ɗora tayar gaba ta hagu, wadda take ƙarƙashina. Ina kallo ta taga, na ga Baba yana ta tura dutsen yana ƙara turawa, ya wuce inda ya tsaya ɗazu da nisa. Ban jira an faɗa mini ba, na gane abin da yake ɗaga ƙafar 'Yar Shila a kwanar tsamiya. Ni ne. Aka janye motar aka sake turo ta don awo na biyu, yadda Baba ya saba. A nan ne Shaiɗan ya raɗa mini shawara, ni kuma na karɓa hannu biyu. Na zame a hankali, na jingina jikina wajen dama, na ɗora gwiwar hannuna inda kujerar fasinja take a da, na yi kamar ina duba wata waya a ƙasa.

Baba ya tura dutse. Ya tsaya. Ya dubi takardarsa, ya dubi sikelin. Bai dube ni ba.

"Malam Isiyaku," ya ce, muryarsa a kwance, "mota ba ta ramewa tsakanin awo da awo. Ce ma direbanku shi zamna daidai, awa yadda shika zamnawa in shina tuƙi."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Na gyara zama. Ɗan mai sikelin da ba ya sa ƙafa, yau ga shi ya sa jikinsa gaba ɗaya. Aka gama auna tayoyi huɗu da ni a ciki. Malam ya ce Bello ma ya shiga a gani, aka sake zagayowa. Baba ya miƙa wa Malam takardar, ya bayyana masa da irin maganar da ya sani.

"Mangala ce. In buhun hagu ya rinjayi na dama, jaki na tahiya a miƙe, amma ranar da ya zo gangara mai karkata shina hwaɗuwa. Da na hwarin akwai rinjaye mai yawa. Da wanga siririn kusan babu."

"To mi kag gani, Baba? Wa za mu ba tuƙi?" in ji Malam.

"Ni awo anka kira ni in yi, na yi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ku riƙe wannan da kyau, bai ce a fitar da ni ba. Ya bar mana sikelin ya ce mu riƙe shi mako biyu, ya buɗe lemarsa ya tafi tasha.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Maimakon in ji haushin kaina, Baba na ɗora wa. Juma'a ta zo ban je gida ba, ta biyu ma haka. Hadiza ta zo Gusau da saƙon Inna da ƙullin dakuwa, ta zauna tana zuba.

"Wallahi ni ban ga amhwanin gaskiyar da za ta tozarta ɗan mutum ba. Mi za ya ragu da shi in ya kau da kai? Auduga ta?"

"Shi mi yac ce?" na tambaye ta.

"Mi zai ce? Ya dai tambayi Inna ko wancan na cin abinci."

A gaskiya ba na ci. Na yanke tuwon dare, na riƙa zagaya filin ƙwallo da gudu kowace safiya, duk wanda ya gan ni sai ya tausaya wa filin. Bayan kwana goma na hau sikelin Baba ni kaɗai, na tarar abin da na rage bai kai nauyin zakara ba. Sai na koma kan motar. Na ce in ba zan iya rage Rumbu ba, zan iya matsar da sauran kayan. Na cire batir na mayar da shi baya ta dama. Na kwance tankin mai na yi masa sabon mazauni a dama. Na yanke ƙafafun kujerar direba na matso da ita tsakiya iyakar inda giya ta bari, na saukar da ita ƙasa. Duk abin da na taɓa sai in turo motar kan sikeli, in tattare riga, in auna sau biyu, in rubuta. Na gano cewa in ka ƙara wa sifirin ɗin wata kusurwa tsawo, kusurwar da take kallonta a karkace ita ma nauyinta ƙaruwa yake yi. Na gano iskar taya kaɗan tana canza yadda mota take kama burji. Ban ankara ba sai na ga ina ɗokin gari ya waye in koma wajen ramin nan. Fushi ne ya kai ni, amma daɗin aikin ne ya zaunar da ni.

Saura kwana uku tsere muka kai ta Tsafe da galan biyu. Na shiga na yi zagaye uku. 'Yar Shila ta shiga kwanar tsamiya ƙafafunta huɗu a ƙasa, ta ɗan yi ƙugi ta fita. Yara suka yi tsalle, ni ma na ce magana ta ƙare, kujera tawa ce. Malam Isiyaku ya miƙo mini agogonsa na kama lokaci.

"Riƙe. Bello shi gwada, kai ka auna."

Wannan mutum ya san abin da yake yi. Agogo a hannuna, ba mai ganin fuskarsa sai ni. Tsinke ya tashi. Ban taɓa tsayawa na kalli motar daga waje tana gudu ba sai ranar, kuma wallahi kyanta ya kusa sa ni kuka. Bello yana da hannu mai taushi, ba ya fizgar sitiyari, yana shiga kwana kamar mai zuba nono a ƙwarya. Kowane zagaye ya fi nawa sauri da daƙiƙa uku, na ƙarshe har da huɗu. Ya tsaya, suka taru a kaina suna jira. Da na ce mun yi kunnen doki ba wanda zai musa, Bello ma ba ya neman kujerar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙafafun Baba biyu a ƙasa.

"Tsinke ya hi ni," na ce. "Shi za ya tuƙa."

Na juya na tafi bayan tsamiya kamar zan kama ruwa, na yi kukana na share fuska. Kada wanda ya ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Wata biyar na gini da shekara ashirin da uku na jira na miƙa wa wani da bakina.

Ranar tsere jama'a ta cika filin, har daga Kucheri an zo a kan kekuna. Ban aika wa Baba ba, domin ban ga abin da zai zo kallo ba. Sai ga shi can gefe da lemarsa, shi kaɗai. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Na koma na duba iskar tayoyi, na ɗaure wa Bello bel, na ce masa kada ya taka birki a tsakiyar kwana.

Motar yaran tasha ta tafasa a zagaye na huɗu ta tsaya tana huci. Aka bar mu da Mamman. Injinsa ya kusa ninka namu, a miƙe sai ya wuce Bello kamar yana tsaye. Amma da sun iso kwanar tsamiya dole direbansa ya taka birki, motar ta buɗe waje tana watsa tsakuwa, sai 'Yar Shila ta lafe ta ciki ta fito a gaba. Sau tara ana haka, jama'a suna ihu, duk sun koma wajen tsamiyar sun tsaya. Ni kuwa ba Bello nake kallo ba, tayoyi nake kallo. A zagaye na goma, daga tsamiya zuwa layin ƙarshe miƙaƙƙiyar hanya ce, motar Mamman ta kamo mu ta wuce da tsawon mota guda. Mun zo na biyu. Na bar kujera, kuma ba mu ci ba.

Ana can ana ɗaga direban Tsafe sama, sai na ga Mamman ya baro mutanensa ya nufo motarmu. Ya durƙusa ya shafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ciki ya ga inda batir yake, ya danna kowace kusurwa ya saki. Tayar motarsa ta gaba ta hagu ta cinye har zare ya fito, tamu kuwa kamar ba a yi komai da ita ba. Daga wannan duban ne ya ce a aiko masa wanda ya yi aikin ya daidaita masa tasa, daga tasa aka kawo wata, har abin ya zama sana'ar da na ciyar da ku da ita. Amma a lokacin bai san ko wane ne ba. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya dubi Malam Isiyaku.

"Malam, na janye maganata. Da injina a cikin wagga mota da ba a ga ƙurarta ba. Wa ya yi mata wanga zama?"

Malam ya buɗe baki zai amsa, sai aka riga shi daga bayana. Ban san lokacin da Baba ya matso ba.

"Ɗana na," ya ce. "Lawali."

Na waiwaya. Shi kansa kamar ya tsorata da abin da ya fito daga bakinsa. Ya yi gyaran murya, ya karkato da lema ta rufe masa fuska, ya tambayi wani da yake kusa ko an yi kiran la'asar. Ni kuwa na tsaya da ma'aunin iska a hannu, ƙato da ni, ina maimaita sunan a raina. Ashe haka sunana yake a bakinsa, a hankali yake faɗinsa, yana jan ƙarshen.

Bai sake faɗa ba har ya koma ga Allah, ni ma ban sake neman kujerar tsere ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni.